Ƙarfen da Bai Iso Ba: Dalilin Jinkirin Manyan Asibitocin Arewa

Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun sun san babban aikin injiniya, domin a kan idonsu kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, tsakanin 1974 da 1978. Amma har gobe, idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin gari, Gusau ko Sakkwato ake nufa da majinyaci, wani lokaci har Zariya. Ƙasar da ta tare kogi cikin shekara huɗu ta kwashe kusan shekara talatin tana gina asibitin koyarwa guda ɗaya a Shika. Wani ɓangare na dalilin yana cikin tarihin ƙarfe.

Tsohuwar matsalar magini ita ce faɗin ɗaki. Maginan Hausa sun san iyakar azara, shi ya sa suka ƙware wajen ɗaurin baka domin rufe manyan soraye. Asibiti kuwa yana buƙatar sarari sosai: ɗakin tiyata da ɗakin kwanciya ba sa son ginshiƙi a tsakiya, ga bututun iska da na ruwa da wayoyi da za su bi ta sama. Tun 1885, lokacin da aka kammala wani dogon bene mai ƙashin ƙarfe a birnin Shikago, magina suka gane cewa ƙarfe na iya ɗaukar nauyin gini, bango ya zama sutura kawai. A masana'anta ake yanka ginshiƙai da azarun ƙarfen, a kawo su fili a ɗaure da kusoshi, ba sai an jira kankare ya bushe ba. Da irin wannan dabara ta haɗa sassan da aka riga aka ƙera ne Sin ta gina asibiti mai gado 1,000 a Wuhan cikin kwana goma a 2020. Ƙarfe yana da rauninsa: wuta mai tsanani na sassauta shi, dole a lulluɓe shi, kuma sai an ƙarfafa daɓe saboda na'urorin hoto ba sa jure girgiza.

Najeriya ta yi niyyar mallakar wannan ƙarfe. A 1979 aka ba kamfanin Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyat kwangilar masana'antar Ajaokuta, wadda cikin tsarinta akwai sashen murza ƙarafan gini. Aka kuma kafa masana'antun murza ƙarfe a Katsina da Jos da Oshogbo, waɗanda za su riƙa karɓar ɗanyen ƙarfe daga Aladja suna mayar da shi rodi da waya. Sai farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗi suka janye, kuma har yau ba a kunna babban tanderun narka tama na Ajaokuta ba. Magini a Arewa ya tsaya ga siminti da rodi, manyan azarun ƙarfe kuwa sai daga waje, da kuɗin waje, a hawo da su daga tashar jiragen ruwa a kan tirela.

Guguwar da ta tsayar da Ajaokuta ita ce ta tsayar da Shika. A shekarun 1970 aka fara ginin mazaunin dindindin na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, amma sai a 2005 aka tare a cikinsa. A tsakani, asibitin ya yi ta aiki a warwatse, a Tudun Wadar Zariya da Kaduna da Malumfashi. Gini idan ya daɗe haka, na'urorin da aka zana shi dominsu kan tsufa kafin a buɗe ƙofa.

Bakolori ma ta bar darasi. A Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu, aka rasa rayuka da dama. An gama aikin da wuri, amma ba a saurari masu ƙasar ba.

Saboda haka, duk ranar da aka aza harsashin babban asibiti a wannan yanki, ya kamata jama'a su tambaya kafin su tafa: daga ina ƙarfen zai fito, an ware kuɗin kammalawa gaba ɗaya, kuma wa aka shawarta kan fili da tsari? Mace mai naƙuda da ke kan hanyar Gusau cikin dare ba za ta iya jiran shekara talatin ba.