Haɗa sakakkun gefunan raga a manhajojin kwaikwayo

Haɗa sakakkun gefunan raga aiki ne da injiniyoyi ke yi kafin su sa kwamfuta ta lissafa yadda wani abu, kamar gada ko fiffiken jirgin sama ko jikin mota, zai kasance idan aka ɗora masa nauyi ko zafi ko girgiza. Aikin yana cikin hanyar lissafi ta ƙananan yankuna, wadda ake taƙaita sunanta da FEM. Manufarsa ita ce tabbatar da cewa sassan da suke manne da juna a zahiri sun kasance manne a cikin lissafi ma, domin sassa biyu suna iya bayyana a haɗe a fuskar kwamfuta alhali manhajar tana ɗaukarsu a rabe.

Asali

A wannan hanya ana yayyanka siffar abu zuwa ƙananan yankuna masu sauƙin lissafi, galibi masu kusurwa uku ko huɗu. Tarin yankunan shi ake kira raga, wuraren da kusurwoyinsu ke haɗuwa kuma su ne ƙulle-ƙulle, kamar na ragar masunta. Tushen hanyar yana cikin ayyukan Alexander Hrennikoff na shekarar 1941 da Richard Courant na 1943. A 1956 Turner da Clough da Martin da Topp suka wallafa wata maƙala a kan lissafin sassan jirgin sama, a 1960 kuma Ray Clough na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya raɗa wa hanyar sunan da aka san ta da shi. Daga baya manyan manhajoji suka fito: NASTRAN, wadda aka ƙirƙira wa hukumar NASA ta Amurka a ƙarshen shekarun 1960, da Ansys, wadda John Swanson ya kafa kamfaninta a 1970, da Abaqus a 1978.

Mene ne sakakken gefe

Kowane yanki yana sanin maƙwabcinsa ne ta hanyar ƙullin da suka yi tarayya a kai kaɗai. Kowane ƙulli yana da lambarsa, kuma da wannan lamba manhajar ke aiki. Idan ƙulli biyu suna wuri ɗaya amma lambobinsu sun bambanta, nauyi ba zai ƙetara daga wannan zuwa wancan ba.

A ragar da ke wakiltar falle ko kwano, gefen da yanki ɗaya tak ya mallaka shi ne sakakken gefe. Gefen da yankuna biyu suka yi tarayya a kai haɗaɗɗe ne. Idan uku ko fiye suka haɗu a kansa, ya zama mahaɗa, kamar inda aka yi waldar wani falle a tsakiyar wani. Samun sakakkun gefuna a bakin falle ko a kewayen rami daidai ne. Matsalar ita ce wanda ya bayyana a tsakiyar abu, inda babu tsaga a zahiri.

Misali, a ɗauki falle biyu, kowanne an raba shi gida 10 a tsaye da gida 10 a kwance. Kowanne yana da ƙulli 121 da sakakkun gefuna 40, jimilla ƙulli 242 da gefuna 80. Idan aka jera su gefe da gefe aka haɗa, ƙulli 11 na kan iyaka za su zama na tarayya, ƙulle-ƙullen su koma 231, sakakkun gefuna kuma 60. Idan lissafin bai ba da waɗannan alƙaluma ba, haɗin bai kammala ba.

Abin da ke jawo su

Mafi yawan lokaci matsalar tana tasowa ne wajen ɗauko zane daga wata manhaja zuwa wata ta fayilolin IGES ko STEP, inda akan samu 'yar tazara tsakanin fuskokin da ya kamata su taɓa juna. Tana kuma faruwa idan an yi wa kowane sashe ragarsa daban, ko an kwafi rabin raga an juya ta don samar da ɗaya rabin. Fayilolin STL ma suna jawo ta, domin kowane yanki mai kusurwa uku a cikinsu yana ɗauke da nasa kusurwoyin shi kaɗai.

Illolinsu

Idan wani sashe ya rabu gaba ɗaya, lissafin yakan tsaya da saƙon kuskure, saboda babu abin da ke riƙe da sashen. Wannan ne mafi sauƙi, tunda mai aikin ya sani nan take. Mafi haɗari shi ne idan rabuwar ta tsaya a wani ɓangaren gefen: lissafin zai kammala, amma ragar za ta yi kamar tana da tsaga. Abin zai nuna lanƙwasa fiye da ta gaskiya, nauyi ya bi ta inda bai kamata ba, kuma a raina matsin da ke kan wasu wurare. A lissafin zafi, zafin ba zai ƙetare tsagar ba. A lissafin gudanar iska ko ruwa kuwa, ba a iya cika cikin siffa da raga sai fatar waje ta rufe ruf.

Hanyoyin haɗawa

Hanya ta farko ita ce mayar da ƙulle-ƙullen da ke kusa da juna su zama ɗaya. Mai aikin yana ba manhajar iyakar tazara, duk ƙulli biyu da nisansu bai kai wannan iyaka ba sai a haɗe su. A Ansys umarnin NUMMRG ne ke yin haka, a Gmsh akwai umarnin Coherence Mesh, HyperMesh da Patran ma suna da nasu. Zaɓen iyakar yana buƙatar lura. Idan ta yi ƙanƙanta za a bar wasu wurare a buɗe. Idan ta kai tsawon gefen yanki mafi ƙanƙanta, kusurwoyin yanki guda za su haɗe, yankin ya rushe. Inda yankunan ke da faɗin milimita 5, tazarar kuma milimita 0.02 ce, iyaka ta milimita 0.05 ta wadatar.

Hanya ta biyu ita ce ɗinke fuskokin zanen tun kafin a yi ragar, ta yadda sassan biyu za su mallaki layi ɗaya a kan iyaka. Ita ce ke ba da raga mafi tsabta.

Hanya ta uku ana binta ne idan ƙulle-ƙullen ba su yi daidai da juna ba, misali gefe ɗaya yana da gida 10, ɗayan yana da 7. A nan ana ɗaure su da ƙa'idar lissafi wadda ke tilasta wa ƙulle-ƙullen gefe ɗaya bin motsin ɗayan, kamar umarnin TIE na Abaqus. Amfaninta shi ne ba sai an sake raga ba, sai dai alƙaluman matsi a daidai kan iyakar ba su cika zama abin dogaro ba.

Haɗa ragar falle da ragar dunƙulallen abu yana da nasa tarko. Ƙullin falle yana da hanyoyin motsi 6, uku na gusawa da uku na juyawa, na dunƙulallen abu kuwa galibi uku ne na gusawa kawai. Idan aka haɗa su a kan layi ɗaya, fallen zai riƙa juyawa kamar ƙyauren ƙofa, sai an ƙara wata ƙa'ida da za ta riƙe shi.

Dubawa bayan haɗi

Manhajoji da yawa suna iya haska sakakkun gefuna da launi na daban, HyperMesh tana nuna su da ja. Wani gwajin shi ne a cire duk abin da ke riƙe da samfurin a lissafa girgizarsa. Abu guda da ba a ɗaure ba yana da hanyoyin motsi 6 waɗanda ba sa lanƙwasa shi. Idan aka samu 12, samfurin ya rabu gida biyu. Wannan gwaji ba ya kama rabuwar da ta tsaya a rabin gefe, don haka akan kuma kalli hoton lanƙwasar da aka zuzuta girmanta, inda tsagar kan buɗe baki a fili.

Inda ba a haɗawa

Ba kowane sakakken gefe ake ɗinkewa ba. Mai nazarin yadda tsaga ke yaɗuwa a ƙarfe da gangan yake barin ƙulli biyu a wuri ɗaya. Haka ma fuskokin da ke zamewa a kan juna, ko falle biyu da ƙusa ce kawai ta riƙe su a wasu wurare. Shi ya sa ake zaɓar wurin da za a haɗa, maimakon a ba da umarnin a kan samfurin gaba ɗaya.