Tafiyar Kwalekwale a Ruwan Yauri da Tafkin Kainji

Kogin Kwara, wanda aka fi sani da Neja, yana gangarowa ta ƙasar Shanga, ya wuce Yelwa, hedikwatar masarautar Yauri, sannan ya baje ya zama Tafkin Kainji, wanda Ngaski ke gaɓarsa ta gabas. Tafkin ya samu ne bayan kammala madatsar Kainji a 1968, kuma tsawonsa ya kai wajen kilomita 130. Cikarsa ta shanye tsibirai da garuruwa, har da tsohuwar Bussa, aka sake tsugunar da mutum sama da 40,000, cikinsu da Gungawa masu yawa.

Kafin madatsar, hanyar ba ta da daɗin bi. A duwatsun Bussa ne Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, jim kaɗan bayan ya baro Yauri. Yau duwatsun suna ƙarƙashin ruwa, shi ya sa baƙo kan ga tafkin lumui kamar tabarma.

Kwalekwalen yankin na katako ne. Ana tuƙa shi da filafili a wuri mai zurfi, a tura shi da gora a bakin gaɓa. Mai son yawon buɗe ido ba ya ɗaukar jirgi shi kaɗai. Yakan nemi matuƙi daga cikin Gungawa ko Sarkawa, waɗanda suka san inda dorina ke kwana da inda kututturan itatuwan da ruwa ya binne suke ɓoye. Wanda ke son ganin gwanintarsu sai ya halarci bikin Rigata na Yauri, inda ake tseren jirage.

Lokaci shi ne babban abin lura. Kwara na cika sau biyu a shekara. Cikar farko ta ruwan damina ce, daga Agusta zuwa Oktoba, mai laka da ƙarfin gudu. Ta biyu ruwan tsaunukan Gini ne, wanda ke isowa da hunturu bayan ya yi watanni a hanya, ya tace. A wannan lokaci tafiya ta fi sauƙi, musamman da sassafe kafin iska ta tashi, ko da yake hazo kan ɓoye gaɓa. Farkon damina kuwa abin tsoro ne, domin hadari kan taso ba sallama, igiyar ruwa ta fi ƙarfin ƙaramin jirgi.

Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi ɗauke da fasinjoji sama da 150 ya nutse kusa da Wara a Ngaski, ƙalilan ne suka tsira. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta haramta tafiyar dare da lodi fiye da ƙima, ta kuma wajabta sanya rigar ceto. Ba kowane matuƙi ke da rigar ba, don haka gara baƙo ya tambaya tun yana kan tudu.