Ƙas-ƙas a Kan Kwana: Tarihin Ƙarfen da Ke Juya Tayar Gaba

A daminar bara, a wani layi da ruwa ya zaizaye bayan unguwarmu, motata ta yi wata ƙara kamar an karya sanda, sannan ta tsaya cak. Inji yana aiki, giya tana shiga, ina taka totur yana kuka, amma motar ko motsi. Wata uku ke nan tana yi mini kashedi: duk sa'ad da na murɗe sitiyari zan sha kwana sai in ji ƙas-ƙas-ƙas daga tayar dama, ni kuwa sai in ƙara sautin rediyo. Matasan layin ne suka turo ta ƙofar gida. Washegari Baffana, wanda ya shafe ƙuruciyarsa yana tuƙin Fijo tsakanin Kano da Jos kafin ya ƙare da Golf, ya durƙusa ya leƙa bayan tayar, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Shaf ne, ɗana. Je ka sayo, a nan za mu ɗaura shi."

Shaf ɗin da yake nufi sandar ƙarfe ce da ba ta kai tsawon hannun mutum ba, mai gaɓa a kowane baki, kowace gaɓa a lulluɓe cikin baƙar roba mai ninki-ninki. Ita ke ɗaukar ƙarfin inji daga akwatin giya zuwa tayar gaba. Idan ɗaya ta karye, haƙoran da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyi biyu sai su tura shi duka ɓangaren da ba shi da nauyi, wato karyayyen, shi ya sa inji ke kuka a banza. Wannan 'yar sanda ta ci wa masana da maƙera kusan shekara ɗari uku kafin ta daidaita.

Matsalar ba ta da wuyar faɗa. Tayar gaba tana yin abu uku a lokaci guda: tana juyawa, tana hawa da sauka a kan ramuka, tana kuma karkata dama da hagu. Sandar da za ta juya ta dole ta iya lanƙwasa ba tare da ta daina juyawa ba. Tsohuwar dabarar ita ce gaɓa mai siffar gicciye, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan Gerolamo Cardano, likita kuma masanin lissafi ɗan Italiya da ya rasu a 1576. Baturen Ingila Robert Hooke, wanda ya yi rubutu a kanta a 1676, ya gano aibinta: muddin aka karkatar da ita, ɓangaren da ake juyawa ba ya tafiya da gudu ɗaya. Sau biyu a kowane zagaye yakan yi sauri ya kuma yi jinkiri. A karkatar digiri 30, gudun yakan hau ya sauka da wajen kashi 15 cikin ɗari. A dogon shaf da ke tafiya zuwa tayoyin baya, inda karkatar kaɗan ce kuma ana iya sa gaɓa biyu su soke kuskuren juna, wannan ba komai ba ne. A tayar gaba kuwa, direba zai ji sitiyari yana fizga a hannunsa duk lokacin da ya sha kwana.

Saboda haka motocin farko suka kauce wa matsalar baki ɗaya. Da yawansu da sarƙa suke tafiya kamar keke. A jajibirin Kirsimeti na 1898 wani saurayi ɗan shekara 21, Louis Renault, ya hau gangaren titin Lepic a birnin Faris da wata 'yar mota da shaf ke juya tayoyin bayanta, ba sarƙa ba. Wannan tsari, inji a gaba, ƙarfi a baya, shi ya mallaki duniyar mota fiye da shekara sittin.

Masu neman jan mota da tayar gaba ba su haƙura ba, domin ribar a fili take: babu dogon shaf da zai ratsa ƙarƙashin fasinjoji, mota za ta yi ƙasa, ciki zai yi fili, nauyin inji kuma zai danne tayoyin da ke ja. A 1926 Faransawa biyu, Jean-Albert Grégoire da Pierre Fenaille, suka fito da gaɓar Tracta. A daidai wannan zamani wani injiniyan kamfanin Ford a Amurka, Alfred Rzeppa, ya ƙirƙiro wadda ta zama uwar kan shaf na yau: ƙwallayen ƙarfe shida, kowace a cikin kwarinta, da wani keji da ke riƙe su. Hikimar tana cikin lanƙwasar kwaruruwan. Duk yadda aka karkatar da gaɓar, ƙwallayen sukan tsaya daidai a tsakiyar kusurwar, saboda haka gudun da ya shiga shi ne gudun da ya fita. Abin mamaki, Ford bai yi gaggawar amfani da ita ba. Ƙera ta na bukatar sassaƙar ƙarfe mai tsananin daidaito, kuma tana da tsada.

Wanda ya zuba dukiyarsa duka a kan jan gaba shi ne André Citroën. Motarsa Traction Avant ta fito a 1934, an gaggauta ta, kuma gaɓoɓin shaf suna cikin abubuwan da suka riƙa ba masu ita na farko ciwon kai. Kafin ƙarshen shekarar kamfanin ya durƙushe, Michelin mai taya ya karɓe shi, Citroën kuma ya rasu a Yulin 1935. Motar ta gyaru, aka ci gaba da ƙera ta har 1957, sai dai mai ita bai ga ranarta ba.

Siyasa ce ta ƙarasa aikin. Rikicin mashigin Suwez na 1956 ya sa aka koma rabon fetur a Birtaniya, kamfanin BMC ya umarci Alec Issigonis ya zana ƙaramar mota mai ɗaukar mutum huɗu. Ya kwantar da injin a gicciye, ya yi amfani da gaɓar Rzeppa da masana'antar Hardy Spicer ta Bamingham ke ƙerawa, a 1959 aka sami Mini, mai tsawon mita uku da 'yan kai. Bayan shekara goma Fiat 128 ta zo da tsarin da kusan kowa ya kwaikwaya: inji da akwatin giya a jere gefe da gefe, shaf ɗaya gajere, ɗaya dogo. Honda Civic ta biyo a 1972, Golf a 1974, Corolla kuma ta koma jan gaba a 1983. Wanda ya taɓa sayen shaf na hagu alhali na dama ne ya lalace, ya gane bai shiga ba, to gadon injiniyoyin Fiat ya ci karo da shi.

Mu a nan wannan sauyi ya iso a makare. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kaduna, kuma 504 da 505 da suka cika titunanmu duk da tayar baya suke ja. Bakaniken da ya koyi aiki a wancan zamani ya san tayar gaba da birki da bol-joyin da sitiyari kawai. Faɗuwar naira bayan 1986 ta sa sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai tsofaffin motocin Turai, 'yan Beljiyam, suka kwararo ta Kwatano da Legas. Golf da Honda da Toyota suka zo da shaf a gaba, da robar da ta riga ta tsufa a can, suka faɗa cikin zafi da ƙurar hunturu da ramuka. Baffa ya ce shekararsa ashirin a kan Fijo bai taɓa jin wannan ƙas-ƙas ba, sai da ya karɓi Golf.

A ganina nan ne muke yawan asara ba dalili. Kan shaf ba ya saurin mutuwa don kansa. Robar ce ke tsagewa, baƙin giris ɗin ciki ya watse a jikin taya, yashi da ruwa su shiga su cinye kwaruruwan. Robar da giris ba su kai rabin kuɗin shaf ba, amma ba mai leƙawa. Ƙas-ƙas a kan kwana alamar gaɓar waje ce. Girgiza lokacin da aka taka totur yawanci ta ciki ce.

Gyara a gida ma yana da nasa tarihin. A 1965 wani hafsan sojan saman Birtaniya da ke aiki a Adan, John Haynes, ya wargaza wata Austin-Healey Sprite ƙusa bayan ƙusa yana ɗaukar hoto, a 1966 ya buga littafin, daga nan jerin littattafan Haynes suka cika garejin gidajen Turai. Can tsadar kuɗin aiki ce ta tura mai mota ƙarƙashin motarsa. A wurinmu kuɗin aiki da sauƙi, kayan ne ke da tsada, shi ya sa ɗan boko yakan miƙa makulli ya tafi ofis, bai san me aka cire ba, bai san me aka mayar ba.

Na samo shaf na hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa. Baffa ya hana ni biya sai na ƙirga haƙoran bakinsa biyu, na kuma tabbata zoben da na'urar birki ke karantawa iri ɗaya ne. Aikin ya ci mana yini. Babban notin tsakiyar taya ana sassauta shi ne tun mota na ƙasa, domin a ɗaure yake da ƙarfin da sai da muka ƙara wa sifana bututu. Muka datse tayoyin baya da duwatsu, saboda giyar ajiye mota ba ta riƙe komai idan shaf ya karye. Da na ɗaga ta da jak zan kutsa kai, Baffa ya fizgo rigata.

"Kai! Ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. Na binne aboki a kan haka."

"Yi haƙuri, Baffa."

Sai da muka girke ta a kan ƙafafun ƙarfe na aro. Daga nan muka cire taya, muka raba bol-joyin na ƙasa, muka janyo cibiyar tayar waje har bakin shaf ya zame. Ɓangaren ciki wani ɗan zobe ne ke riƙe shi a akwatin giya, kuma ba a fizgar sandar, ana ɓamɓare gaɓar ne da ƙarfe a gindinta. Man giya ya ɗan zubo a kwanon da muka tara. Wajen mayar da sabon ne ake yawan ɓarna: bakin yana iya yage robar da ke tare mai, kuma idan ba a ji zoben ya ce ƙat ba, bai zauna ba, zai iya fita ana cikin gudu. Notin tsakiya sabo ake sawa, a ɗaure shi daidai da awon da kamfanin ya rubuta, domin shi ke matse boris ɗin taya; sako-sako ko wuce kima duk suna kashe shi. Sifanar awo ita kaɗai muka je har gareji muka roƙo.

Da la'asar na zagaya filin makarantar unguwa, sitiyari a murɗe har ƙarshe, dama sannan hagu. Shiru. Baffa yana zaune a dakali ya buɗe tsohon kan shaf ɗin, ya zazzage shi a tafin hannunsa. Kejin ya rabe biyu, ƙwallo huɗu ne suka rage, sauran biyun suna can cikin taɓon layin baya.