Ƙwayoyin jijiya masu fitar da iskar naitirik oksaid: abin da ƙwaƙwalwa da lakar ɓera suka nuna

Naitirik oksaid, wadda masana ke taƙaitawa da NO, iska ce marar launi da ake samu a hayaƙin motoci. An daɗe ana ɗaukar ta a matsayin gurɓata kawai, kafin a gano cewa jikin ɗan'adam da na dabbobi na sarrafa ta da kansa domin aika saƙo. Mujallar Science ta ayyana ta a matsayin sinadarin shekara a 1992, sannan a 1998 aka bai wa Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel saboda bayyana aikinta a hanyoyin jini. Ba ita ce iskar sa dariya da wasu matasa ke shaƙa daga balan-balan ba. Waccan naitiros oksaid ce, kuma aikinta dabam ne.

Yadda aka gano su

Mafi yawan abin da aka fara sani game da wannan iska a ƙwaƙwalwa daga ɓerayen gwaji ya fito. A 1988, John Garthwaite da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa ƙwayoyin da aka ɗebo daga ƙaramar ƙwaƙwalwar ɓera, wadda ke wajen ƙeya, suna sakin iskar idan aka motsa makarɓan sinadarin gulutamet da ake kira NMDA. A 1990, David Bredt da Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka tace inzayim ɗin da ke samar da ita daga wannan sashe, wanda yanzu ake kira nNOS.

Tun a 1961 wasu masana suka lura cewa wani rini na mayar da wasu ƙwayoyin jijiya shuɗaye, ɗaya nan ɗaya can, ba tare da an san dalili ba. Sai a 1991 aka tabbatar cewa inzayim ɗin ne ke kama rinin. Wannan ya ba Steven Vincent da Hiroshi Kimura damar wallafa taswirar ƙwayoyin a ƙwaƙwalwar ɓera a 1992.

Inda suke

Ba a rarraba su daidai-wa-daida ba. Sun fi yawa a ƙaramar ƙwaƙwalwa, mai daidaita motsi, da kuma sashen jin ƙanshi. A ɓawon ƙwaƙwalwa da cibiyar sarrafa motsi da ke can ciki kuwa, ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, amma rassansu sun bazu ta yadda suke kusa da ɗimbin maƙwabta da ƙananan hanyoyin jini. Akwai su kuma a sashen da ke kula da ruwan jiki, da wuyan ƙwaƙwalwa inda ake daidaita barci da farkawa.

A cikin laka, wurare uku suka fi taruwa: gefen baya, inda saƙon zafi da raɗaɗi ke fara sauka, kewayen siririyar kafar da ta ratsa tsakiyar laka, da kuma jerin ƙwayoyin da ke aika umarni ga zuciya, hanyoyin jini da kayan ciki. Ƙwayoyin da ke motsa tsoka ba su cika ɗauke da inzayim ɗin ba, amma sukan fara samar da shi idan aka fizge jijiyarsu daga tushe.

Yadda suke aiki

Yawancin sinadaran saƙo ana adana su ne a ƙananan jakunkuna har lokacin buƙata. Ita wannan iska ba a ajiye ta. Idan kalsiyam ya kwarara cikin ƙwaya, sai inzayim ɗin ya sarrafa sinadarin ajinin, iskar ta fito nan take. Tana ratsa bangon ƙwayoyi ta kowane ɓangare, ta tayar da wani ɗan aike mai suna cGMP, sannan ta ɓace cikin daƙiƙu kaɗan. Ta haka take taka rawa wajen ƙarfafa haɗin jijiyoyi, ƙara jini ga sashen da ke aiki, da kuma tsananta raɗaɗi bayan rauni. Gwajin ɓeraye na 1992 ya nuna cewa jijiyoyi masu fitar da ita ne ke jawo miƙewar gaba, kuma wannan tafarki ne maganin Viagra ke ƙarfafawa.

Inda haɗarin yake

Idan jini ya katse wa ƙwaƙwalwa, kamar a shanyewar ɓarin jiki, gulutamet na malala fiye da kima, iskar ta yi yawa, ta haɗu da wani sinadari ta zama guba ga ƙwayoyin da ke kewaye. Abin mamaki, ƙwayoyin da ke fitar da ita sun fi maƙwabtansu juriya. A 1994 an nuna cewa ƙananan ɓerayen da aka cire wa ƙwayar halittar nNOS ba su yi asarar ƙwaƙwalwa kamar sauran ba.

Sai dai nasara a ɓera ba nasara a asibiti ba ce. Maganin nerinetide, wanda aka ƙera don raba makarɓan NMDA da inzayim ɗin, ya kare ƙwaƙwalwar ɓeraye, amma babban gwajin da aka wallafa a 2020 kan mutane sama da 1,000 bai nuna ƙarin warkewa a jimlar marasa lafiyan ba. Toshe iskar baki ɗaya ma ba mafita ba ne, domin wadda bangon hanyoyin jini ke fitarwa ita ce ke buɗe su.

Saboda haka, duk wanda ya ci karo da tallan ƙwayoyin "ƙara naitirik oksaid" da ke alƙawarin kaifin ƙwaƙwalwa, ya dace ya tambaya: a kan wa aka gwada, ɓera ko mutum, kuma mutum nawa?