Tukwicin Mai Lacca a Idon Dokar Amurka

A shekarar 1885 majalisar dokokin Amurka ta haramta ɗauko baƙo daga wata ƙasa bisa yarjejeniyar aiki. Ƙungiyoyin ƙwadago ne suka matsa, domin masu masana'antu suna shigo da talakawan Turai da arha, suna karya wa 'yan ƙasa farashin guminsu. Sai dai dokar ta tsame 'yan wasan kwaikwayo da mawaƙa da masu lacca, kuma tsamewar nan ita ce abin lura. Ba a keɓe mutum daga hukunci sai in da ma hukuncin zai iya hawa kansa. Ashe tun a lokacin an san magana don kuɗi sana'a ce. Ai ba a manta da Charles Dickens ba, wanda ya zagaya biranen ƙasar daga 1867 zuwa 1868 yana karanta wa jama'a littattafansa, ya koma Ingila da aljihu cike. Abin da majalisa ta duba shi ne ko baƙon zai cire wa ɗan ƙasa lomar tuwo daga baki.

Abin dariya, an tuna da mawaƙi an manta da mai wa'azi. Cocin Holy Trinity ta New York ta ɗauko limami daga Ingila a 1887, aka ci ta tarar dala 1,000. Sai a 1892 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, a kan cewa aikin ƙarfi majalisa take nufi.

Wani zai ce abin da ake ba mai lacca tukwici ne, kuma tukwici ba albashi ba ne. Hujjar tana da daɗin ji, amma wata dokar da aka kafa a 1998 ta rushe ta. Dokar ta yarda mai bizar ziyara ya karɓi kuɗin lacca daga jami'a ko cibiyar bincike, muddin bai wuce kwana 9 a wuri ɗaya ba, kuma bai karɓa daga wurare fiye da 5 ba cikin wata 6 da suka gabata. Wa ya taɓa ƙirga wa kyauta kwanaki? Aiki ne aka sassauta masa don gajartarsa. Shi ya sa ma'aikacin kamfanin waje da ya je taro ya gabatar da hajarsu, albashinsa na fitowa daga gida, galibi yakan wuce da bizar kasuwanci, alhali wanda kamfanin Amurka zai biya don ya hau mumbari ɗaya da shi sai ya nemi izinin aiki.