Yadda Faransanci ya yi wa Latin nisa fiye da 'yan'uwansa

Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci da harsunan Fotugal da Romaniya duk tsatsonsu ɗaya: Latin ɗin da sojoji da fataken daular Rum ke magana da shi, ba na littattafai ba. Sai dai a cikinsu babu wanda ya sauya kama kamar Faransanci.

Kalmar ruwa ta isa misali. A Latin aqua ce. Italiyawa na cewa acqua, Sifaniyawa agua, amma Bafaranshe zai rubuta eau, ya furta "o" kawai. Haka vita, wato rayuwa, tana nan yadda take a Italiya, ta zama vida a Sifaniya, a Faransa kuwa ta zaizaye ta koma vie. Mutanen arewacin ƙasar sun riƙa danna gaɓa ɗaya ta kalma da ƙarfi, har sauran suka raunana suka zube.

Wannan zaizaya ta taɓa nahawu. Parle, parles da parlent furucinsu ɗaya ne, don haka dole a sa je, tu ko ils kafin a san mai aikin. Basifaniye kuwa hablo kaɗai ta wadatar da shi.

Ƙasar Gaul ta faɗa hannun Julius Kaisar tsakanin shekara ta 58 zuwa 50 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma harshen mutanenta kalmomi kaɗan ya bari. Waɗanda suka fi barin tabo su ne Frankawa, masu harshe dangin Jamusanci, da suka mamaye arewa ƙarƙashin Sarki Clovis a ƙarshen ƙarni na 5. Daga gare su aka samu sunan Faransa. Masana da dama na danganta zaizayar furucin da su, wasu na musun haka.

Rubutu mafi tsufa da ake ɗauka a matsayin Faransanci shi ne rantsuwar Strasbourg ta shekarar 842. A 1539 Sarki François na ɗaya ya wajabta harshen a takardun shari'a da mulki, aka kuma kafa Académie française a 1635. Rubutu ya tsaya kusan cik yayin da baki ya riga ya wuce gaba, har ma malamai suka cusa wasu haruffan don tuna asalin Latin, kamar g a cikin doigt, yatsa. Haruffan nan da ba a furtawa su ne ke wahalar da ɗalibi a darasin shifta, a Paris ne ko a Damagaram.