Kwaikwayon Gwanaye a Shagunan Zane na Guangzhou

Tun a ƙarni na 6 masani Xie He ya jera ƙa'idoji 6 na zane a ƙasar Sin, ta ƙarshensu kuwa ita ce koyo ta hanyar kwafar aikin magabata. Don haka almajirin zane a Guangzhou, wadda Turawa ke kira Kanton, bai taɓa ɗaukar kwaikwayo abin kunya ba. Makarantarsa ke nan.

A 1757 Sarki Qianlong ya taƙaita cinikin Turawa ta teku ga wannan birni kaɗai. Fataken na son hotunan kansu da za su kai gida tsaraba, sai masu zane suka buɗe shaguna kusa da masaukan baƙi a bakin kogi, suna koyon hannun Turai daga hotunan da jiragen ruwa ke kawowa. Spoilum, wanda ya yi suna tun shekarun 1770, ya fara da zane a bayan gilashi kafin ya koma fentin mai. Kwafin birnin ya kai inda a 1802 Gilbert Stuart ya maka wani matuƙin jirgi, John Swords, a kotun Philadelphia saboda ya sa an kwafi hoton George Washington da shi Stuart ya zana.

Wanda ya fi kowa shahara shi ne Lam Qua (1801–1860). Bayan mai zane Baturen Ingila George Chinnery ya sauka Macau a 1825, Lam Qua ya haddace hannunsa: yadda haske ke sauka a goshi, jan leɓe, duhun da ke bayan mutum. Kuma yana karɓar kuɗi ƙasa da nasa. Chinnery ya musanta cewa ya taɓa koyar da shi, amma a 1835 an baje aikin Lam Qua a Royal Academy ta Landan.

Aikinsa mafi ratsa zuciya ba kwafin kowa ba ne. Likita Peter Parker ɗan Amurka ya buɗe asibitin ido a Guangzhou a 1835, ya kuma nemi Lam Qua ya zana masa majinyata masu manyan ƙari a fuska da jiki. Ya zana su da natsuwa da mutuncin da yake zana attajirai. Fiye da 80 daga cikin hotunan suna ɗakin karatun likitanci na Jami'ar Yale.

A 1856 gobara ta cinye masaukan baƙin, kyamara kuma ta janye masu saye, da yawa daga cikin masu zanen suka koma Hong Kong da Shanghai.